Baƙin da Aka Bari a Ɗakin Sanyi

"Ba ta ganin kowa," in ji Mbah Sarkum, don Mbah muke ce wa tsofaffi a nan. Ya tokare ƙofar da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da zanen da ya yafa saboda sanyi. "Likita ya hana."

Babu likitan da ya hana. Wanda ya hau tudun nan ya duba Mbah Kartem cewa ya yi a ba ta duk abin da ranta ke so, kuma kowa ya gane abin da yake nufi. Amma baƙin nan biyu ba su san haka ba. Suna tsaye a bakin hanya, miji da mata, dattawa masu tsabtar mutanen birni, suna haki kamar sun ɗauko buhun dankali daga gona, alhali daga masaukinsu zuwa nan ko mai ciwon gwiwa ba ya tsayawa hutawa.

"To ko za mu ɗan zauna, Mbah?" in ji mijin. Pak Hardiman ya ce sunansa, wato Malam Hardiman, wai tsohon ma'aikacin gidan waya ne daga can tsibirin Sumatra. Yana jan ƙafar hagu, ya rungume wata baƙar jaka a ƙirji kamar jariri. "Ba ma sauri."

"Na ga alama," in ji Sarkum.

Duk ƙauyen ya san ba sa sauri. Tun ranar da motar garin Wonosobo ta sauke su suke yawo cikin gonaki kamar masu neman allurar da ta faɗi. Su yi taku kaɗan su tsaya. Matar ta nuna wani wuri da yatsa, mijin ya gyaɗa kai. Ta juya ta dubi dutse, ta sake nuna wani wurin. Masu zuwa kallon Dieng, wannan tudun namu, ba haka suke yi ba. Su zo, su ɗauki hoton fitowar rana, su yi kukan sanyi, su gudu. Mutumin da ya tsaya yana kallon gonar wani a hankali, awo yake yi. Haka aka yi wa marigayi Darsun: wasu masu fara'a suka riƙa zuwa duba shi yana kwance, ranar da zazzaɓi ya ci ƙarfinsa suka kama yatsansa suka dangwala a takarda. Yau a kan gonarsa akwai gidan saukar baƙi mai launin ruwan hoda, 'ya'yansa kuma suna ɗaukar taki a gonakin mutane.

Ita kuwa Kartem ba ta da ɗa ba ta da jika. Gona ɗaya gare ta a bayan gida, ga ta a bakin titi. Sarkum, wanda bango ɗaya ne tsakaninsu tun shekarar da aka dawo da mu wannan ƙauyen daga tsohon ƙauyenmu, ya rantse mata cewa muddin yana numfashi babu wanda zai taɓa mata yatsa.

Sai ya janye hannunsa ya nuna musu ɗakin gaba.

A nan tudu, baƙon da ake so madafa ake kai shi. A ba shi 'yar kujera a gaban kaskon wuta, ya miƙe ƙafafu, a zuba masa shayi, sannan a tambaye shi abin da ke tafe da shi. Duk maganar kirki a gaban kasko ake yin ta, shi ya sa ƙwaurinmu duk tabon wuta ne. Ɗakin gaba kuwa, mai kujerun roba da siminti mai sanyin kabari, na mai karɓar haraji ne da mai tallan maganin feshi. Mutumin birni ba ya kai lokacin shan kofin shayi ɗaya a cikinsa sai ya tuna yana da wani uzuri. Sarkum ya zaunar da su, ya ja labule, ya shige ciki yana murmushi.

An jawo gadon gorar Kartem kusa da kasko. Ta rame har bargo ya fi ta tudu, amma kunnenta na nan daram. Bawon, 'yar Sarkum ta fari, wadda ita ma ta yi jikoki, tana zaune tana fifita gawayi.

"Wa ke tari a ɗakin gaba?" in ji Kartem.

"Dillalai."

"Mace nake ji."

"Dillalan yanzu da matansu suke yawo, don a ce mutanen kirki ne."

"Ka kai musu shayi?"

"In kai musu shayi su ji daɗi su tare?"

"Kang Sarkum, gidan nan nawa ne ko naka?" Kang, wato yaya, take ce masa. Ta juyar da ido wurin Bawon. "Kai musu. Ubanki tun yana saurayi bai iya karɓar baƙo ba. Shi ya sa guba ma ta ƙi shiga cikinsa."

"Guba ta san wanda ta tarar," in ji Sarkum, ya gyara zama don ya ba da labarin.

"Na ji shi," in ji Kartem. "Kajin unguwar nan ma sun haddace."

To ai labarin ya isa a haddace. Mu da muka ga shekarar da ƙasa ta yi numfashin guba saura 'yan kaɗan ne, kuma a cikinmu babu kamar Sarkum. Ƙasa ta girgiza, mutane suka fito suka bi hanyar gangare da gudu, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya ba jini ba rauni. Sarkum bai taɓa riƙe alli ba, ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma da ya ga kaji sun riga karnuka faɗuwa, karnuka sun riga mutane, sai ya gane abin nan ƙasa-ƙasa yake bi kamar ruwa. Kowa na gangarawa, shi ya haura. Ya tsira, ya tsirar da waɗanda suka ji kiransa. Da iska ta wanke wurin, shi ne a gaban sojoji yana nuna gawa yana faɗin sunanta. Masu digiri sun zo daga baya da na'urori sun faɗi abin da ya riga ya sani da idonsa. Kartem ta tsira ne don ta yi sammakon kai masara kasuwar wani gari. Mijinta yana cikin waɗanda Sarkum ya ɗauka.

Mutumin da ya ga wannan, dillalin fili ne zai ruɗe shi?

Amma baƙin ba su gudu ba. Suka sha shayin, suka zauna har aka kira azahar, suka yi godiya suka tafi. Washegari suka dawo. Suka sake dawowa. Kullum da hantsi za ka hango su can ƙasan titi, gajimare na ratsa su, suna tahowa kamar ba za su iso ba. Matar ta zauna a kujerar da ke fuskantar labulen madafa, hannuwanta cikin hammata, leɓɓanta sun yi shuɗi. Mayafinta a ɗaure tam, ko silin gashi ba ka gani. Mijin ya ce sunanta Bu Rumiyati, wato Malama Rumiyati. Ita ba ta cika magana ba.

Sarkum ya zauna gabansu ya naɗa tabarsa, ya fara jefa musu ƙugiya.

"Kuna son dankali?"

"Muna ci, Mbah."

"Gonakin fa? Na ga kuna ta kallo."

"Masha Allah, ƙasarku na da albarka."

"Wacce ta fi burge ka?"

Pak Hardiman ya yi ɗan tunani, irin na mai son faranta wa mai gida. "Ta bayan gidan nan tana da kyau ƙwarai. Ga ta shimfiɗe, ga ta kusa da hanya."

Sarkum ya busa hayaƙi sama. A ransa ya ce, kifi ya haɗiya.

Sai matar ta ɗago. "Mbah, tsohuwar hanyar nan da ta bi ta gefen rumfunan shanya taba, ina ta koma?"

Wannan ta tsaya masa a wuya. Rumfunan taba sun rushe tun kafin dankali ya cinye tudun nan. Yaran da aka haifa a nan ma ba su san an taɓa yin su ba. Ke nan wani ya zauna ya karanta musu ƙauyen tun daga tushe. Wani ɗan gari ne ke cin amana.

"Babu wata hanya," ya ce. "Wa ya gaya miki?"

Ta sunkuyar da kai.

Da yamma ya je wurin matar da ta ba su hayar ɗaki. Ya same ta tana tsince dankalin iri.

"Mutanen naki, me suke yi in sun shiga ɗaki?"

"Salla da shan magani. Mijin ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ita ke sa masa takalmi."

"Jakar fa?"

"Ni mai binciken jakar baƙi ce, Mbah?"

"Ke da kika san abin da ke cikin tukunyar kowa a layin nan?"

Ta waiga, ta rage murya. "Sau ɗaya ya bar ta a buɗe. Na ga almakashi, sabo fil. Da farin ƙyalle a naɗe."

"Tawada fa? Takarda?"

"Ban tona ba."

Sarkum ya koma gida yana juya maganar. Almakashi da farin ƙyalle, a kawo su gidan marar lafiya. In dillalai ne, tawadar tana ƙasan jakar. In kuwa ba dillalai ba ne, to abin ya fi haka muni, don akwai masu neman gashi ko farcen wanda ke bakin mutuwa su kai wa boka. Ya ɗauko adda ya jingine a bayan ƙofar madafa.

A ranar Kartem ta ɗan ji ƙarfi. Ta sha romo, ta sa Bawon ta taje mata kai, har ta riƙa ba da labarin tsohon ƙauyenmu, gidan wane kusa da gidan wane, wacce ta iya waƙa, wacce ta fi kowa rowar gishiri. Tunaninta a ranar tas yake kamar ruwan marmaro.

"Ka shigo min da matar nan mana," ta ce wa Sarkum. "Na gaji da kallon fuskarka. Kamar tsohon kabeji."

"Gobe."

"Kai ne mai rabon goben?"

"Ki bar ni da su, Kartem. Na kusa kama su."

"Bapak, mutanen nan ba su yi kama da ɓarayi ba," Bawon ta ce wa ubanta.

"Ɓarawon da ya yi kama da ɓarawo ai yunwa ce za ta kashe shi. Waɗanda suka cuci Darsun har lemo suke kawo masa."

Goben da ta zo, Kartem ba ta sha romo ba. Wadda ta biyo baya, ko shayi sai dai a jiƙa mata leɓe. Maganarta ta koma ɗaya-ɗaya, da dogon shiru a tsakani.

Ran nan aka tashi raɓa ta daskare a kan ganyen dankali, gonaki sun yi fari, manoma na tsaye a kunya suna kallon asararsu. Duk da haka baƙin suka zo. Sarkum yana zaune gabansu a ɗakin gaba sai Bawon ta ɗaga labule. Ba ta ko dubi baƙin ba.

"Bapak, a gaya wa liman ya zauna kusa. Ƙafafunta sun yi sanyi har gwiwa."

Matar ta miƙe tsaye. Tun zuwansu ba wanda ya taɓa ganin ta yi wani abu da sauri sai ranar. Da ta buɗe baki kuma, harshen birnin ya zame, maganarta ta fito da nauyin irin tamu ta tudu.

"Mbah, ni ce Rum. 'Yar Miskun, mai gida kusa da na Lik Kartem a tsohon ƙauye. Don Allah ka bar ni in shiga."

Lik, wato gwaggo, haka yaran tsohon ƙauye ke kiran Kartem. Sarkum bai motsa ba. Ya kalle ta daga sama har ƙasa.

"Wanda ya sayar muku da labarin nan ya cuce ku," ya ce. "Gidan Miskun babu wanda ya fita. Ni na ɗauke su da hannuna. Shi, da matarsa, da yarinyar a goye."

"Ƙanena ne a goye. Ni babana ya ɗora ni a kan rufin rumfar taba, ya ce kada in sauko. Ina kallo ya koma ya ɗauko su, bai kai ba. Soja ne ya sauko da ni. Daga asibiti wata ƙanwar babana ta tafi da ni Sumatra."

"Ni za ki gaya wa wanda ya mutu da wanda ya rayu? Ni?"

Kada wani ya ga laifinsa. A ranar nan wa ya tsaya buɗe zanen goyo ya duba mace ce ko namiji? Shi ya gaya wa sojoji, shi ya gaya wa Kartem, kuma shekara da shekaru babu wanda ya zo ya ce ba haka ba ne.

Matar ta dubi mijinta. Ya gyaɗa mata kai. Ta juya baya, ta sassauta mayafin, ta ɗaga shi kaɗan. A ƙeyarta, ƙarƙashin furfura mai santsi, ga wani dunƙulen gashi kamar igiyar da ta sha ruwa ta bushe, kaurin babban yatsa.

Bawon ta kama bakinta.

Kowa a tudun nan ya san wannan gashin. Yaro ya yi zazzaɓi, ya tashi gashinsa ya cure shi kaɗai. Ba a kai masa almakashi sai ranar da yaron da bakinsa ya ce a yanke, kuma sai an ba shi abin da ya roƙa, ko mene ne, daidai yadda ya faɗa. In aka saɓa, gashin dawowa yake yi, da zazzaɓinsa.

"An sa ranar yanke mata, guba ta riga ranar," in ji Pak Hardiman. "A asibiti suka aske ta ƙwal, ba wanda ya tambaye ta komai. Tun daga nan take yankewa yana dawowa. Likitoci sun ce ba komai ba ne."

"To me ya hana ku faɗa tun ranar farko? Bakinku ciwo yake?"

"Ta je Makka, Mbah. Ita ke koya wa matan unguwarmu karatu. Nauyi take ji a ce gashi ne ya hau da ita dutse." Ya gyara riƙon jakarsa. "Kuma ita ta ce min a garinsu ba a faɗin buƙata a ɗakin gaba. Wai sai an kai mutum gaban wuta an tambaye shi. Jira muke a ce mu shigo."

Bawon ta juya ta kalli ubanta. Shi kuwa ya kalli bango.

"Gashi ko da ƙaro ana iya cure shi," ya ce. "Ke, in ke ce 'yar Miskun, me kika roƙa?"

"Masara. Lik Kartem ta gasa a wutarta, ta murje min ƙwayoyin a tafin hannu."

"Ku tsaya nan. Bawon, tsare ƙofar."

Ya shiga shi kaɗai. Ya durƙusa a gefen gadon, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Idanun Kartem a rufe, numfashinta na fita da ɗan kurari.

"Kartem. Kina ji na? 'Yar Miskun mai curarren gashi. Kin tuna ta?"

Ya kara kunnensa kusa da bakinta. Har ya ɗauka ba za ta amsa ba.

"Rum," ta ce.

"Me ta roƙa, da za a yanke mata?"

Gefen bakinta ya motsa kamar za ta yi dariya. "Masara. In gasa. In murje mata." Ta ja numfashi. "Sakarar yarinya. Wasu na roƙon akuya."

Sarkum ya daɗe a durƙushe. Sannan ya dafa gadon ya miƙe, ya fito.

"Ke, shiga," ya ce. "Kai kuma zauna nan da jakarka." Ya dubi Bawon. "Kada ki bar hannunta na dama ya fita daga bargo sai na dawo."

Masara kuwa a ƙauyen nan sai a labari. Tun da dankali ya kawo kuɗi, ko a bakin kunya ba mai shuka ta. Ya bi gidajen tsofaffi, ko wata ta rataye 'yar busasshiya a saman murhu. Babu. Sai ya tuna masu gasa wa 'yan kallo masara a bakin tafki, can ƙasa. Wani ɗan acaba ya ce ya hau ya kai shi, shi kuwa ya ce kafin ka zagaya da wannan gwangwanin ta titi ni na je na dawo. Ya yanke ta cikin gonaki, ta hanyar da ƙafarsa ta sani tun kafin a yi titin. Tsoho ne da ya binne sa'o'insa kusan duka, amma ya gangara ya hauro dutsen nan da ɗanyar masara a cikin rigarsa, bai zauna ko sau ɗaya ba. Waɗanda suka gan shi sun ce yana tafe yana magana shi kaɗai, yana cewa, "Ki jira ni, tsohuwar banza, ki jira ni."

Ta jira shi. Ya tarar da Rum zaune a kan 'yar kujera, ta cire mayafin, ta kwantar da kanta a gefen gadon. Bawon ta saɓa umarni: hannun Kartem yana waje, yatsunta a cikin curarren gashin, suna lalubarsa daga tushe zuwa ƙarshe.

"Lik, ni ce," Rum ke ta faɗa a hankali. "Ni ce Rum. Na dawo."

Kartem ta buɗe ido. Ba Rum take kallo ba, wani wuri take kallo a bayanta.

"Ina kika tsaya?" ta ce. "Uwarki ta yi ta nemanki."

Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Bawon ta ɓare masarar, ta sa a hannun tsohuwar, ta riƙe hannun da nata suka ɗora a kan kasko tare, don kada a ce ba ita ta gasa ba. Ƙamshi ya cika madafar. Da ta gasu aka bari ta huce, aka sake sa mata a hannu. Rum ta shimfiɗa tafinta a ƙasa. Babban yatsan Kartem ya hau kan ƙwayoyin ya tsaya. Ya danna, ya zame. Ya sake dannawa. Sarkum ya buɗe baki zai ce a taimaka mata, Bawon ta harare shi. Can sai ƙwaya ta ɓalle ta faɗa tafin, wata ta biyo, sai wasu 'yan kaɗan. Yatsan ya tsaya. Rum ta kai su baki tana taunawa, hawaye na bin haɓarta.

"A kira shi ya shigo," in ji Sarkum. "Ya daskare a can kamar gunki."

Pak Hardiman ya shigo yana jan ƙafa. Sarkum ya karɓi jakar da kansa ya zazzage ta a kan tabarma. Almakashi, farin ƙyalle, ƙwayoyin magani, carbi, safar hannu. Ya ɗaga ƙyallen ya kakkaɓe, ya leƙa aljihun jakar na ciki, ya shafa ƙasanta. Sannan ya yafa wa Rum ƙyallen a kafaɗa.

"Babu wanda ya girme ni a ƙauyen nan," ya ce. "Ni zan yanke."

Ya yi bisimilla. Ya kai almakashin. Gashin ya yi tauri, sai da ya ciza leɓe kafin ya rabu. Ya naɗe shi cikin ƙyallen ya miƙa wa mijin.

Kartem ta cika bayan azahar, Bawon na ƙara gawayi, liman na karanta mata kalmar shahada a kunne. Ba ta yi wani motsi ba. Kurarin ne kawai ya daina.

Kafin rana ta faɗi an kai ta. Sarkum ne a gaban makara. A makabarta ya gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa tun ranar farko ya ga kamar ya san fuskar matar nan, gwada ta kawai yake yi, kuma ba don shi ba da ba a samu masara ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne, kowa ya shaida.

Da aka dawo, mata sun cika tsakar gida suna dafa abincin masu zaman makoki. A madafa babu kowa sai baƙin biyu a gaban kasko. An naɗe bargon, gadon gorar ya zama fayau. Sarkum ya jawo kujera ya zauna, ya miƙe ƙafafunsa.

"Ka ce gonar na da kyau," ya ce wa Pak Hardiman.

"Tana da kyau, Mbah."

"Ta bar wa masallaci. A gaban shaidu."

"Allah ya karɓa."

"Na dai gaya maka ne."

Rum ta mayar da mayafinta, tana ta kai hannu ƙeya tana shafa wurin.

"Mbah," ta ce, "ba ni da hoton kowa. Fuskar babana ina ɗan tunawa. Ta mahaifiyata ta ɓace min tun ina yarinya. Na so in tambayi Lik Kartem, don kullum tare suke. An ce kai ka san kowa a tsohon ƙauye. Yaya kamanninta? Doguwa ce? Tana da fara'a?"

Sarkum ya gyara zama, ya ja numfashi irin wanda yake ja in zai fara labari. Ya san gidan Miskun. Ya san inda ya same su a kan hanya, ya san launin zanen goyon. Ya nemi fuskar matar, ya sake nema. A kife ya same ta ranar nan, a kife kuma ya ɗora ta a kan makara.

Rum tana kallonsa, tana jira. Ba ta sauri.

Ya ɗauki maficin Bawon ya shiga fifita wutar da ba ta buƙatar fifita. A gefen kaskon, masarar tana nan inda aka ajiye ta, ta huce, ƙwayoyinta cike reras, sai ɗan gurbi guda a tsakiya, daidai faɗin babban yatsa.